Biki Irin na Yamma

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koya wa manya karatun Hausa, tun zamanin mulkin soja na farko har na yi antire, wato ritaya, kuma duk garin da aka kai ni aiki sunana ɗaya ne: mutumin yamma. A Tasawa haka, a Matamaye haka. In na buɗe baki na ce "mi kac ce?" sai aji ya kwashe da dariya, tsofaffi da furfurarsu suna kwaikwayona har da karkace baki. Ban taɓa jin haushi ba. Ni Bakurfaye ne, a wani ƙauye arewa da Filinge aka yanke mini cibiya, kuma in Bahaushe ya ce yamma, to mu yake nufi. Wannan na sani kamar yadda na san sunana.

Shi ya sa har yau ban yarda cewa wauta na yi ba ranar da ƴata ta kira ni daga Yamai. Ita kaɗai gare ni. Uwarta ta rasu tana lakwal, wato makarantar boko, ni na ƙarasa renonta, ta yi karatu ta samu aikin ofis a wani biro, ta samu miji ɗan birni. Shekarar da soja suka sake karɓar mulki ce, karo na nawa ma na daina ƙirgawa. Ina zaune ƙofar gida bayan azahar wayar ta yi ƙara.

Ta ce, "Baba, mun gama shawara. Ɗaurin aure a gida Filinge, da la'asar kuma a yi biki. Amma ba irin wanda kowa ke yi ba. Irin na yamma muke so."

Na ce, "Irin na yamma?"

"Eh, komai da komai. Tufafi, wurin zama, kiɗa."

"Har kiɗa?"

"Har kiɗa, Baba."

Layin ya yanke, kamar yadda ya saba a garin nan. Ban sake kira ba. Na ajiye wayar a kan tabarma, na ji idona ya cika da ruwa, ni da ban yi kuka a gaban mutane ba ko ranar jana'izar matata.

Sai na faɗi dalili. Gidanmu gidan goge ne. Ubanmu bai taɓa sa goshi ƙasa ba, addinin kakanni, na azna, ya riƙe har ya mutu, shi ke yi wa ƴan bori kiɗa a ƙauyukanmu. Ni aka kama aka kai lakwal, na musulunta a can. Yayana, wanda nake bi, shi ya zauna gida ya gaji gona da goge da duk abin da ke tare da su. Kuma akwai wani kiɗa na gidanmu kaɗai, wanda ake yi ranar da za a fitar da ɗiya zuwa gidan miji. Gaɓa uku gare shi. Ta farko ana kiran kakanni ɗaya bayan ɗaya, ta biyu ana gaya wa doguwar gida, wato iskar da ke tsaron zuriyarmu, cewa ga ɗiyarta za ta tafi, ta uku kuma a sallami yarinya da fatan alheri. Ba a taɓa fitar da mace daga gidanmu babu shi ba.

Lokacin da na tashi nawa auren, ina sabon ma'aikaci mai wando da takalmi sau-ciki, ƴar wani malami attajiri na Filinge na nema. Zamanin ne da kowa ke tsoron a ce da shi ɗan ƙauye, mai ja da baya. Na aika wa yayana cewa ya zo biki, amma ya bar goge a gida. Bai zo ba. Ya aiko da damin gero biyu a kan jaki. Tun daga nan muna gaisawa, ina zuwa da kaka, yana zagina kamar yadda wa ke zagin ƙane, muna cin tuwo akushi ɗaya, amma bai sake taɓa goge a gabana ba, ni ma ban sake tambaya ba. Sama da shekara talatin muna zagaya maganar nan. Yanzu ga ƴata, wadda ta fi jin Faransanci a kan Hausa, ta ce da bakinta irin namu take so. Na ɗauka Allah ne ya buɗe mini ƙofar da ni da kaina na rufe.

Ranar kasuwa na shiga motar da ke bin hanyar Abala, na sauka inda ake sauka, na taka sauran da ƙafa. Na iske yayana gindin adduwa yana tufka igiya. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, yatsunsa sun fara lanƙwashewa.

Ya ce, "Kai, mi yak kawo ka ba kaka ba? Ko gwamnati ta daina ba ka abinci?"

Na zauna na gaya masa. Bai ɗago kai ba har na gama.

"Ita tac ce hakanan?"

"Ita, Yaya."

"Da bakinta, ko kai kas sa mata?"

"Da bakinta. Tac ce har kiɗi."

Ya daɗe yana murza igiyar a cinyarsa. Can ya ce, "Ka dai san abin ga ba a taɓa shi don wasa. In an hwara sai an kai ƙarshe."

Na ce na sani. Na rantse masa ma, abin da bai nema ba.

Ya shiga ɗaki ya fito da gogen a naɗe cikin tsumma. Ashe shekara da shekaru bai taɓa shi ba, don ƴan borin ƙauyen sun ƙare, wasu sun mutu wasu sun tuba. Fatar ta tsage, izgar ta zube. Ya juya shi a hannu yana tsaki, ya ce sai an nemo fatar guza, izga kuma akwai wani mai doki a Bonkuku da ba ya hana shi. Da zan tafi ya raka ni har bakin gonaki, abin da bai saba ba, yana ta faɗa mini cewa na yi tumbi, tafiyata ta zama ta agwagwa. Na dawo Filinge zuciyata fari ƙal.

Labari ya riƙa iso ni ta bakin ƴan kasuwa. An ce ya samo guza. An ce ya je Bonkuku da kansa a amalanke. An ce ya yanka jan akuya ya sanar da doguwa. An ce babbar yayarmu, wadda ta goya mu duka biyu, ta tara tsofaffin mata huɗu suna tuna kiɗan ƙwarya da maraice, ƙauyen duk ya ɗauka. Ni kuma a gari na sa masaƙi ya saƙa wa amarya baƙin zane irin na iyayenmu. Ba wanda na yi wa bayani, ina so in ba ta mamaki.

Saura mako biyu ta iso da kwalaye shida a saman mota. Ta sa aka shigo da su tsakar gida, tana ta murna, ta yanke igiyar na farko. Malfuna ne, masu faɗin baki da lotsattsen kai, an jera su cikin juna. Na biyu jajayen ƙyallaye na ɗaurawa a wuya. Na uku riguna masu zanen dara. Akwai wani allo da aka rubuta wa sunan mashaya da Turanci, wai za a kafa a ƙofar shiga. Ta ce har da ƙananan bindigogin roba ta saya, amma ta bar su Yamai don kada masu shingen hanya su ɗauki abin da zafi.

Na ce, "Waɗannan na mene ne?"

Ta buɗe na'urarta ta nuna mini hotuna: Turawa sanye da malfa, amarya da farar riga da takalmi mai dogon wuya, mutane zaune kan ƙunshin ciyawa. Na gane su. Mun sha kallonsu a sinima muna samari, suna harbin juna a kan dawaki.

"Kaboyi," na ce.

"Western, Baba. Ai na gaya maka. Na yamma."

Ashe fassara ta yi mini. Tun tana yarinya nake damunta da faɗa in ta cusa mini kalmar Nasara cikin magana, ina cewa babu abin da Hausa ba ta da sunansa. To ga shi ta ji maganata, ta nemo sunan, ta ba ni. Ni da na ci abinci shekara ashirin da kalmomi, kalma ɗaya ta kayar da ni a tsakar gidana. Na zauna kan ɗaya daga cikin kwalayen.

Na gaya mata abin da na yi. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ba da mugunta ba, yarinya ce mai kirki, abin ne ya ba ta dariya. Da ta ga fuskata sai ta daina. Can ta tafa hannu.

"Ai babu matsala. Kaboyi ma suna da goge, ga shi nan a hoto. Baba Babba ya zo, mu sa masa malfa, ya yi lokacin da baƙi ke zama. Zai ma ƙara wa abin kyau. Sai dai kada ya daɗe, kuma ka ce masa ban da na iskoki. Ka san baban angon, ko rediyo ba a kunnawa a gidansa sai wa'azi."

Na ce to. Kalmar da na faɗa ke nan, to.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in shiga mota in je in durƙusa gaban yayana in ce na yi kuskuren ji. Da ya zage ni, ya kira ni sakarai, mu yi dariya ko kada mu yi, magana ta ƙare. Kullum na tashi da niyyar zuwa, kullum kuma sai na samo aiki. Yau neman rumfa, gobe kujeru, jibi mai na'urar kiɗa. Na kashe kwana uku cur a kan harawa. Bazara ce, dabbobi sun rame, makiyayan Sanam na yawo kasuwa suna neman abin da za su sa wa shanu a baki, ni kuwa ina sayen harawa dami-dami don ƴan Yamai su ɗora mata ɗuwawu. Mai sayarwar ya tambaye ni ko kiwo zan fara da tsufana. Na ce masa zama za a yi a kai. Ya dube ni, ya dubi ɗan'uwansa, ya ci gaba da ɗaure harawarsa, da ma ya yi dariyar ya fi mini sauƙi.

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na ga yadda ya raka ni bakin gonaki, ban iya komawa in karɓe abin da na ba shi ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa ranar za ta gyara kanta. Baƙin zanen da masaƙi ya kawo na tura shi ƙarƙashin akwati, ban nuna mata ba.

Ranar biki da hantsi suka iso a amalanke: yayana, da babbar yayarmu, da matan nan huɗu kowacce da ƙwaryarta. Ya sa baƙar rigar saƙi ta ubanmu, wadda na ɗauka ta daɗe da ruɓewa. Lokacin ɗaurin aure ya zauna nesa kaɗan da taro, gogen a cinyarsa, ya jira aka shafa. Mutanen gari da suka san shi suna gaishe shi suna kallona.

Da la'asar aka koma filin da muka kama haya. An kafa allon mashayar, an jera harawa, samari sun sha malfa da jan ƙyalle suna tafiya suna buɗe ƙafa. Na'ura tana ta zuba wani kiɗa na Turawa mai kama da kukan jaki da safe. Yayana ya tsaya a ƙofa yana duban wurin. Ni na kai masa malfar da hannuna, don ban so wani yaro ya kai masa.

Ya ce, "Wagga hwa?"

"Kowa na sawa, Yaya. Ado ne na biki."

Ya juya ta, ya kwatanta ta da malfar Fulani. "Awa ta Hillani, sai dai wagga ba ta tare rana." Ya ɗago ya dube ni. "Wanga shi ne irin na yamman?"

Na ce, "Yara ne, sun haɗa da nasu."

Ban gaya masa sharaɗin ba, ko a lokacin. Matan ƙwarya kuwa na ce musu wuri ya yi kaɗan, su zauna cikin mata su huta, yana ji. Ya ɗora malfar a kan hularsa, ya je ya zauna kan damin harawar da aka nuna masa. Don ɗiyar ƙanensa ya yi haka, na sani, ba don ni ba.

Amarya ta fito da farar riga da dogon takalmi, ta yi wa mai na'ura alama ya kashe. Yayana ya shafa ƙaro a izga, ya gwada sau biyu, ya fara.

Ban san yadda zan faɗi wannan ba. Rabona da jin kiɗan nan tun ranar da aka fitar da autarmu, ina saurayi. Yatsun da na ga sun lanƙwashe ba su manta komai ba. Ya kira ubanmu, ya kira kakanmu, ya kira wanda ya haƙa rijiyar ƙauyen, muryarsa ta dushe amma tana kaiwa. Surutu ya ragu da kansa. Samarin da ke ɗaukar hoto suka matso. Na dubi ƴata, ta daina murmushin hoto, ta tsaya riƙe da hannun mijinta tana kallon tsohon kamar yau ta fara ganinsa. Na ce a raina, shi ke nan, ranar ta gyara kanta.

Sai ya shiga gaɓa ta biyu. Ni kaɗai da mutanen ƙauye muka san an canza. Babbar yayarmu tana zaune cikin mata, na ga kafaɗunta sun fara rawa. Ta yi wata irin shaƙuwa mai ƙarfi, ɗankwalinta ya zame, ta fara jujjuya kai. Matan da ke kusa da ita, ƴan birni, suka ja da baya da kujerunsu. Wani ya ce a kawo ruwa, tsohuwa ba ta da lafiya. Ba rashin lafiya ba ne. Doguwa ce aka kira ta amsa, kuma da an bari, da ta zo ta yi abin da take yi ta tafi, kamar yadda na gani sau da yawa ina yaro.

Na waiga na ga baban ango. Yana zaune a kujerar gaba da carbi, shi kaɗai ba malfa, ya juyo ya dube ni. Dubana kawai ya yi. Bai ɗaure fuska ba, bai yi magana ba, bai motsa ba. Har gobe ban san abin da ke ransa ba. Amma na ji ni na koma saurayin nan mai takalmi sau-ciki, na ji duk garin yana shirin cewa ashe jikar azna aka aura. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ratsa fili a gaban kowa, na sunkuya, na ɗora tafin hannuna a kan izgar.

Sautin ya mutu nan take. Na ji izgar tana ɗan motsi a tafina kafin ta tsaya.

Na ce a hankali, "Ya isa hakanan, Yaya."

Bai dubi fuskata ba. Hannuna ya duba, ya ci gaba da dubansa har na janye. Baƙin Yamai suka ɗauka an gama ne, suka yi tafi, wasu har da fito. Ya cire malfar ya ajiye kan harawa. Ya je wurin yayarmu ya durƙusa ya yi mata magana a kunne, ya daɗe, har jikinta ya lafa, matan ƙwarya suka kama ta suka fita da ita. Mai na'ura ya mayar da kiɗansa. Kafin in kuɓuta daga masu yi mini barka in kai ƙofa, amalanken ya kama hanya. Ko abinci ba su ci ba.

An ce ba a taɓa biki irinsa a Filinge ba. Hotunan sun yi kyau. Washegari da za su wuce, ƴata ta rungume ni ta ce, "Baba, me ya sa ka tsayar da shi? Ni fa jikina har tsuma yake. Ashe akwai saura?" Na ce akwai saura kaɗan. Ban gaya mata cewa sauran nata ne ba, cewa an kira kakanni, an sanar da doguwa, amma ita ba a sallame ta ba. Baban ango kuwa bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ba wanda ya sa ni. Na nemi wanda zan ɗora wa laifin, ita, ko shi, ko Turawan da suka ƙirƙiro malfar, ban samu ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Bayan mako guda na sayi goro da sukari da turmin yadi na tafi ƙauye. A hanya na shirya maganata tsaf. Na shirya shan zagi, na ma shirya ya ɗaga mini sanda, da ya yi da na gode. Na yi sallama a ƙofar gidan da aka haife ni. Ya fito, ya koma ciki, ya ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake ajiyewa don baƙi, ya shimfiɗa a waje.

Ya ce, "Sannunku da zuwa. Kun zo lahiya? Ina gajiyarku?"

Na waiga in ga wanda ya biyo ni. Babu kowa, ni kaɗai ne.

Na ce, "Yaya, ni ne hwa."

"Na gane ku. Ku zamna, a kawo muku ruwa."

Na faɗi duk abin da na shirya. Ya saurara har ƙarshe da ladabi, kamar yadda ake sauraron ma'aikacin gwamnati da ya zo bayanin taki. Ya ce babu komai. Ya karɓi goro ya yi godiya, ya tambayi lafiyar amarya da ta mutanen Filinge. A wurinmu ƙane ne ke ce wa wa "ku", ko a ce wa suruki, ko baƙon da ba a sani ba. Mutumin da ya goya ni zuwa gona, ya cire mini ƙaya a ƙafa, bai taɓa kirana da komai ba sai "kai".

Damina huɗu ya ƙara a duniya. Na riƙa zuwa fiye da da, kusan kowane wata, ina tsokanarsa, ina yin abin da na san yana ba shi haushi don ko zai manta ya zage ni. Bai manta ba ko sau ɗaya. A ciwonsa na ƙarshe na kwana biyu a wurinsa, ni ke tallafe masa kai in zai sha ruwa. Ranar da zan koma gari ɗauko magani na ba shi ya sha, na goge masa baki da hannun rigata. Ya buɗe ido ya dube ni.

Ya ce, "Kun yi ƙoƙari. Ku tahi da wuri, kada rana ta yi muku."